automemlimit: ɗan laburaren Go da ya iya karanta iyakar memori lamba ba ta tumbatsa ba

In kana rubuta manhaja da yaren Go kuma kana jefa aikinka cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da ake gudanar da manhaja a kan sabar, ko Docker ne ko Kubernetes, to ka sa wannan ɗan laburaren da ake kira automemlimit kawai, shawarata kenan tun daga sama don kar mai sauri ya ce na cinye masa data. Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan da na riƙe zan faɗi dalili in mun gangara ƙasa. Kyauta ne, yana GitHub, kuma aikinsa ɗaya tak: ya leƙa ya ga nawa ne memorin da Linux ya yanka wa kwantenarka, ya ɗauki kashi 90 cikin 100 na abin, ya miƙa wa Go a matsayin GOMEMLIMIT, wato iyakar memorin da Go zai yi ƙoƙarin kada ya wuce. Shikenan fa. Wani zai ce to wannan har sai an yi masa laburare, ai layi biyar ne, kuma a kan wannan layi biyar ɗin nake son mu daɗe, don a nan rigimar take.

Amma bari in fara da abin da ya sa ake buƙatarsa. Mai kwashe sharar Go, wato GC, wanda ke kwashe memorin da manhaja ta gama da shi, bai san kana cikin kwantena ba, shi dai abin da ya sani GOGC, wanda yake 100 in ba ka taɓa shi ba, ma'ana sai tarin memorin ya ninka abin da ya rage bayan sharar baya sannan zai sake ɗaukar tsintsiya. To ka ce ka ba kwantena 512m, abin da manhajarka ke riƙe da gaske ya kai mega 300, shi GC yana zaune yana jiran a kai 600, kafin nan kenel, wato zuciyar Linux, ya riga ya harbe ka, ka dawo ka tarar da lamba 137 tana kallonka, wato 128 a tara da 9, siginar kisa kenan wadda ba a roƙonta. Mu da muke hayar ƙananan sabar da dala, kowane giga ɗaya sai ka buga lissafinsa da naira kafin ka danna, ba mu da halin cewa a ƙara RAM kawai a huta. A Go 1.19, watan Agustan 2022, aka kawo GOMEMLIMIT don ka gaya wa GC cewa malam in ka ga an doso nan ka tashi ka yi shara ko lokacinka bai yi ba. Sai dai ba ya saita kansa, kai za ka ba shi lamba. Ko da Go 1.25 ya fito a Agustan 2025 ya fara duba iyakar CPU ta kwantena da kansa, ɓangaren memori an bar maka kayanka. Mutanen Java sun daɗe da wuce nan, tun JDK 10 suke gane kwantena, aka mayar da gyaran baya har 8u191, .NET Core 3.0 ma yana tsayar da tarinsa a kashi 75. Mu 'yan Go dai har yanzu da hannu.

To layi biyar ɗin. Akwai wani aiki da aka miƙo min in ci gaba da kula da shi, wanda ya fara rubutawa ya tafi wani wajen, kuma shi da hannu ya yi nasa. Ya buɗe fayil ɗin /sys/fs/cgroup/memory/memory.limit_in_bytes, ya juya rubutun zuwa lamba, ya yi sau 90 ya raba da 100 ya ba Go, ya kuma yi sau 30 ya raba da 100 ya ware wa ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar. In ka karanta ba za ka ga aibu ba wallahi, tsaf yake, har da ɗan bayani a sama. Kuma yana aiki lafiya lau muddin an sa wa kwantenar iyaka. Ranar da aka tayar da ita ba a sa --memory ba, ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi ba ta faɗi da makeslice: len out of range.

Ga abin da ya faru. cgroup shi ne abin da Linux ke yanka wa kwantena kasonta da shi. A tsohon tsarinsa, wanda ake ce wa v1, in babu iyaka fayil ɗin ba ya cewa babu, ba ya nuna sifili, ba ya nuna -1. Abin da yake nunawa shi ne

9223372036854771712

Lamba 19 a jere. Ba haka kawai ta faɗo ba, kenel yana ƙirga memori ne shafi-shafi, to sai ya ɗauki lamba mafi girma da bit 64 mai alama zai iya riƙewa, 9223372036854775807, ya raba da girman shafi wato bayit 4096, ya zubar da ragowar, in zai nuna maka sai ya sake ninkawa. Shi ya sa take ƙasa da 2 sau kanta 63 da 4096 daidai. Tana shiga int64, wato lamba mai bit 64 mai alama, da ƙyar amma tana shiga, don haka wajen karantawa ba za ka ga kuskure ba. Sai ka zo ninkawa. Ka yi sau 90 ta tumbatsa, Go kuma ba ya ihu in lamba ta tumbatsa, zagayowa take yi shiru, sai ka samu -368640, ka raba da 100 ka samu -3686. Iyakar memorinka kenan, ƙasa da sifili. Na ma'ajiyar kuma sau 30 ya ba da -122880, a raba da 100, -1228, aka ce wa Go ya ware wuri mai tsawon -1228, shi ne ya ce a kai kasuwa. Kalkuletan mai shago ma ya fi wannan mutunci, in lissafi ya fi ƙarfinsa yana nuna maka E ya ƙi motsi har ka goge, wannan kuwa amsa zai ba ka da murmushi.

Abin da ya fi ba ni dariya da na zauna da biro na bi lissafin, wai ashe sakamakon ya danganta da ko lambar da ka ninka da ita tana rabuwa biyu. In 90 ce ko 80 ko 30, za ka faɗa ƙasa da sifili. In 75 ce ko 25 ko 9, amsar za ta fito sama da sifili, ƙatuwar lamba ta ƙarya, ba wanda zai lura, manhaja ta ci gaba da harkarta. Kenan mutum biyu za su iya rubuta kuskure iri ɗaya, na ɗaya ya fashe ranar farko, na ɗayan ya yi shekaru a kwance, ya riƙa ganin kansa gwani. Kuma shi debug.SetMemoryLimit in ka ba shi lamba ƙasa da sifili ba ya canza komai, tambaya ya ɗauke ta, ya dawo maka da iyakar da ke nan, don haka wancan -3686 ɗin shiru ya wuce, ba don ma'ajiyar ta fasa ƙwai ba da ba wanda zai sani.

Sai mutum ya ce to ai sauƙi ne, in na ga 9223372036854771712 na san babu iyaka. Na ga wannan lambar a rubuce cikin kod ɗin mutane ba adadi, wasu ma da ka gani ka san kwafo ta suka yi ba su san daga ina ta zo ba. Matsalar ita ce girman shafi ba 4096 ba ne a ko'ina. Akwai injinan ARM da na POWER da ke tafiya da shafin 65536, a can lambar 9223372036854710272 ce, ta bambanta a wutsiya, gwajinka na daidai-da-daidai ya wuce ta gefe. Mai shafin 16384 kuma tasa daban. Sannan wasu tsofaffin kenel, irin 3.13 da ya zo da Ubuntu 14.04, su abin da suke nunawa 18446744073709551615, wato bit 64 ɗin duka a kunne, wannan kam ko shiga int64 ba ta yi, in ka tilasta mata ta koma -1. Ba ƙananan yara kaɗai ta kayar ba, mutanen Elasticsearch har yau a matsayin rubutu suke ajiye wannan ƙimar ba lamba ba, kuma sun rubuta a kod ɗinsu cewa don tana iya fin ƙarfin long ne. A Java in ka ba Long.parseLong wannan mai 18 a gaba NumberFormatException zai watso maka. JavaScript kuma nasa salon daban, lambar da yake riƙewa ba tare da ta fara zamewa ba ta tsaya a 9007199254740991, in ka ba shi waccan ta farko ka ce ya buga sai ya nuna maka 9223372036854772000, in kuma ka yi mata dabarar nan ta |0 da 'yan JavaScript ke so, amsa -4096.

Ga kuma masu bit 32, kar ka ce sun ƙare, duk mai harhaɗa Go don tsohon Raspberry Pi ko wata 'yar na'urar ARM yana cikinsu, a can int ɗin Go bit 32 ne, ƙarshensa 2147483647, giga biyu ba bayit ɗaya. Su ba sai an je maganar babu iyaka ba, iyaka ta gaskiya ma tana kayar da su, haka duk wanda ya matse lambar cikin int32 ko a wace na'ura yake. Giga 3 shi ne 3221225472, a int32 ya koma -1073741824. Giga 4 ya koma sifili cif. Giga 5 ya koma giga 1, kuma wannan ne mafi sharri a ganina don ya yi kama da gaskiya, za ka gan shi a log ka gyaɗa kai ka wuce, manhaja tana ta takura kanta a giga ɗaya alhali ka biya kuɗin biyar. Masu C da ke kiran atoi su ko alkawari ba a yi musu ba, in lamba ta wuce iyaka komai na iya fitowa, strtoull ne mai gaya maka ta errno, shi ma sai ka tuna ka duba.

Duk wannan v1 ne fa. Sabon tsarin, v2, wanda aka ce ya tsaya da ƙafarsa tun kenel 4.5 a 2016, Fedora 31 ta fara mayar da shi na gida a 2019, Debian 11 da Ubuntu 21.10 suka biyo, Docker ya iya shi daga 20.10, Kubernetes ya tabbatar da shi a 1.25, shi fayil ɗinsa memory.max ne, kuma in babu iyaka kalma yake rubutawa, max, haruffa uku. Gaskiya ya fi hankali. Amma wanda ya saba da lamba zai miƙa wa strconv.Atoi kalmar max, ya yi watsi da kuskuren da aka dawo masa da shi da ɗan layin nan na ƙasa, wato _, kamar yadda muka saba in muna sauri, ya karɓi sifili. Kashi 90 na sifili sifili ne. Ka ba SetMemoryLimit sifili kuma ka ce wa GC kullum an wuce iyaka, sai ya kama shara ba tsayawa, Allah ya sa ma Go ya sa masa linzami ba ya wuce kusan rabin CPU, to amma rabin CPU ɗinka ya tafi a banza, manhaja ba ta mutu ba, ba ta kuma da lafiya, kana ta neman dalili a wajen databes. Ko lamba ce ta gaskiya a fayil ɗin, akwai alamar sabon layi a ƙarshenta, in ba ka share ta ba Atoi zai ƙi karɓa, sifilin dai za ka sake samu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, layi biyar ɗin nan kowanne da raminsa.

To a nan automemlimit ya burge ni, don na buɗe kod ɗinsa na karanta kafin in yarda da shi, ba shi da yawa, da shayi ɗaya za ka gama. Lambar a uint64 yake ɗaukarta tun daga tushe, mara alama, don haka har waccan mai 18 a gaba tana da wurin zama. Bai rubuta lambar babu iyaka da hannu ba, yana tambayar na'urar girman shafinta ne ya yi lissafin yadda kenel ke yi, ko 4096 ne ko 65536 duk ɗaya. Kalmar max ya san ta. Wajen cire kason kuma ba ya yin sau 90 a raba da 100, yana mayar da ita float64 ya ninka da 0.9, a nan ba maganar tumbatsa, in an yi asara 'yan bayit ne a wutsiyar lambar da ba wanda ya damu da su. Sannan kafin ya miƙa wa Go, wanda int64 yake karɓa, sai ya duba in ta fi ƙarfin int64 ya datse ta a ƙarshen abin da zai shiga maimakon ya bari ta kifa ta koma ƙasa da sifili. In kuma ya ga babu iyaka yana da sunan kuskure na musamman, ErrNoLimit, ba ya ƙirƙiro maka wata lamba. Ba wani sihiri a ciki, kawai mutum ne ya zauna ya tuna da duk ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ni da kai ba za mu yi ba ranar Alhamis da yamma mai aiki yana ta kira.

Wani abin da na ji daɗinsa, sababbin fitowarsa ba sa tsayawa a kan fayil ɗin da ke gabansu. cgroup gida-gida ne, ɗaki cikin ɗaki, kana iya duba naka ka ga max alhali na sama da kai an ɗaure shi a giga 1, kuma kenel da na saman zai yi maka hukunci. A v1 akwai hierarchical_memory_limit cikin memory.stat da ke faɗin gaskiyar, a v2 sai ka hau sama kana dubawa ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Laburaren yana yin wannan. Kod ɗin hannu da na gada ko labarin bai ji ba.

Gwajin da na yi ba wani mai tsawo ba ne. Na tayar da kwantena da --memory=512m, fayil ya nuna 536870912, laburaren ya saita 483183820, na buga a kalkuleta ya yi daidai. Na cire iyakar, ya bar Go yadda yake, ba faɗuwa ba lambar banza. Na sa GOMEMLIMIT da kaina a muhallin kwantenar, ya ga na riga shi ya janye hannunsa, wannan ladabin na yaba. Na sa AUTOMEMLIMIT=0.8 ya koma kashi 80, na sa off ya yi shiru, ba sai an sake harhaɗa komai ba, wanda ke kula da sabar ma zai iya juya shi ko bai iya Go ba. Ba Docker kaɗai ba, in systemd, mai tayar da sabis a Linux, kake amfani da shi ka sa MemoryMax a fayil ɗin sabis ɗinka shi ma cgroup ne, zai gani. Sai na ɗora wa manhajar lodi irin wanda da yake kai ta ga 137, wannan karon memorin ya hau ya doshi iyaka ya tsaya yana rawa a wajen, CPU ya ɗan ɗaga don GC na aiki, amma tana raye. In kana son shaidar da ta fi tawa, Prometheus, manhajar sa ido kan sabar, da shi yake amfani, kuma daga fitowa ta 3.0 a Nuwamban 2024 a kunne abin yake zuwa, da 0.9 ɗin nan dai.

Yanzu tauraron da na riƙe.

Na farko hanyar da aka fi tallata shi da ita, wai ka shigo da shi da layi ɗaya mai ɗan layin ƙasa a gaba ka manta da shi. Yana da daɗi a ido amma ni ban so ba, don a haka yana gudu ne tun kafin main ta fara, abin da ya samu da kuskuren da ya ci karo da shi ba sa zuwa hannunka balle ka yanke hukunci a kai. Kuma duk surutun da na yi a sama a kan me ne in ba lambar da ba wanda ya duba ba? Ni SetGoMemLimitWithOpts nake kira da kaina a farkon main, in ba shi WithRatio da WithProvider da WithLogger, in karɓi lambar in buga ta a log da girmanta a mega yadda ido zai gane, in kuma sabar ta aiki ce ta gaske aka ce babu iyaka to ina so in ji ƙara, don kusan kullum mantuwa ce wani ya yi.

Na biyu shi ne 0.9 ɗin kansa. Jagorar GC ta Go ta ce a bar sarari kamar kashi 5 zuwa 10, daga nan aka samo shi, ba laifi. Amma kaso ba ya duba girman kwantena. In mega 64 ka bayar, sararin da ya rage bai kai mega 7 ba, abu kaɗan zai cinye shi. In giga 32 ne ka ajiye sama da giga 3 suna zaman banza. Na so a ce akwai hanya a sauƙaƙe ta cewa bar min mega kaza ko kaso kaza, duk wanda ya fi, yanzu sai dai ka rubuta naka Provider ɗin, ba wuya don aiki ne da ke dawo da uint64 da kuskure, amma ka ga an dawo da kai wajen yin lissafi da hannu, kuma a uint64 in ka cire babba daga ƙarami ba ƙasa da sifili za ka je ba, sama za ka zagayo ka samu lamba mai 18 a gaba. Ka ce a bar mega 100 a kwantenar mega 64 ka gani. Sai ka gwada wanne ya fi girma kafin ka cire.

Na uku ba laifinsa ba ne shi kaɗai amma dole mai ɗauka ya sani, don sunan yana sa mutum ya saki jiki. GOMEMLIMIT memorin da Go ke riƙe da shi kawai yake ƙirgawa. In kana amfani da cgo, irin direban SQLite ɗin nan da ke kiran C ko laburaren sarrafa hotuna, abin da C ya ware Go bai san da shi ba, kenel kuwa ya sani sarai. Fayil ɗin da ka rubuta a tmpfs, ko /dev/shm ko emptyDir na memori a Kubernetes, shi ma a kanka ake rubuta shi. In kuma manhajojin Go biyu ka cusa a kwantena ɗaya kowacce za ta ɗauki kashi 90 a matsayin nata, 180 kenan, a nan dole ka raba musu da kanka. Kuma iyakar mai taushi ce, in abin da kake riƙe da shi da gaske ya fi kwantenar to ba GC ɗin da zai cece ka, zai yi ta shara ya gaji kenel ya zo ya yi aikinsa. Yoyon memori ma haka, jinkirta mutuwar kawai zai yi.

Sai kuma mai sabar haya da ke gudanar da manhajarsa kai tsaye ba kwantena ba systemd mai iyaka, wanda na san da yawanmu haka muke yi, a kwafa fayil a tayar a tafi. Kai laburaren ba abin da zai yi maka in ba ka ce ya koma kan memorin na'urar gaba ɗaya ba, akwai ApplyFallback da za ka haɗa FromCgroup da FromSystem. Amma ka yi hattara, in PostgreSQL da Nginx suna zaune a sabar ɗaya da kai, kashi 90 na duka RAM ɗin ba naka ba ne, ka sauko da shi sosai, ko ma dai ka sa MemoryMax ɗin ka huta.

Akwai wanda zai ce a Kubernetes ai ba ka buƙatarsa, kana iya zuba limits.memory kai tsaye cikin GOMEMLIMIT ta resourceFieldRef. Gaskiya ne, kuma ba ƙarin laburare, na yi hakan a wani wajen. Illarsa kashi 100 yake ba ka, ba sarari ko kaɗan, GC zai fara damuwa ne a daidai bakin da kenel ke jira da bindiga. In kuma ba a sa iyaka ba memorin da nod ɗin, wato injin da kwantenar ke kai, gaba ɗaya zai iya bayarwa ake zuba maka. Tunda an zo nan, a kula da harafi wajen rubuta iyakar ma, a Docker 400m mega 400 ne, a Kubernetes 400m ƙaramin m yana nufin kashi 4 cikin 10 na bayit ɗaya, Mi ake so, su kansu sun yi gargaɗin a takardunsu. Shi kuma GOMEMLIMIT MiB da GiB ya sani, ka rubuta masa 400MB manhajar ta ƙi tashi gaba ɗaya, wanda ni a wajena ya fi alheri a kan ta tashi da lambar ƙarya.

Wancan aikin da na gada, na cire layi biyar ɗin na sa laburaren, ma'ajiyar kuma yanzu daga lambar da ya dawo da ita nake yanka mata kaso, in raba da 100 tukuna sannan in ninka, in kuma babu iyaka ta ɗauki wani adadi tsayayye da na rubuta. Ragowar wuraren da ake juya uint64 zuwa int na bi su da gosec, manhajar da ke binciken kod ɗin Go, dokarsa ta G115 tana kamo irin wannan, tana da yawan ƙorafi har kan abin da ba komai amma gara haka. In kai dole sai ka rubuta naka, wataƙila ba Go kake yi ba ko an hana ku ƙara laburare, to aƙalla ka zuba wa gwajinka waɗannan ka ga me zai fito: max, fayil wanda ba komai a ciki, 536870912 da sabon layi a bayanta, 5368709120, 9223372036854771712, 9223372036854710272, da 18446744073709551615. Ka kuma harhaɗa shi sau ɗaya da GOARCH=386 ka sake gudanar da gwajin.